Kurakuran da ake yi wajen maganin ciwon kunnen kare

Da zarar kare ya fara kaɗa kai yana sosa kunne, sai a garzaya kemis a sayo kafso na mutane, ampisilin ko tetarasaikilin, a cusa masa a abinci. Kuskuren farko ke nan, don ba a san abin da ake yaƙa ba. Sau da yawa mai laifin wata ƙwayar cuta ce dangin yis, Malassezia pachydermatis, mai dauɗa ruwan ƙasa da wari mai tsami, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Maikonazol ko kulotirimazol ne maganinsa. Likitan dabbobi zai dangwalo dauɗar da auduga, ya shafa a gilashi, ya rina, ya duba a madubin ƙwayoyin cuta. Yis siffar gyaɗa gare shi, bakteriyar Staphylococcus pseudintermedius dunƙule take, bakteriya masu tsayi kuwa galibi Pseudomonas aeruginosa ne ko Proteus.

A kan masu tsayin nan ake shan wahala. Pseudomonas tun asali ba ya jin ampisilin, amoksisilin ko tetarasaikilin, yana kawo mugunya kore-kore da miki a cikin kunne. Idan an gan shi, ko ciwon ya ƙi warkewa, a kai samfuri ɗakin gwaji a shuka ƙwayar, a ga maganin da ke kashe ta. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za a nufa. Amma a karanta sakamakon da hankali: an gina shi a kan adadin maganin da ke kaiwa jini, alhali na ɗigawa a kunne ya ninka haka nesa ba kusa ba. Maganin da takarda ta ce ba ya aiki yana iya yin aiki a kunne. Kafso kuwa da ƙyar yake isa ramin kunnen waje.

Ɗiga magani a kan mugunya asara ce, domin tana kashe ƙarfin jentamaisin da polimiksin B, magungunan bakteriya da ake ɗigawa a kunne. A fara wankewa da ruwan wankin kunne, a murza gindin kunnen, a bar kare ya kaɗa kai, a goge. Kada a zura tsinken auduga. Ramin kunnen kare a lanƙwashe yake, dauɗar ciki za ta ƙara shigewa. Ga babban kare ɗigo biyu na maganin bai isa ba, yana buƙatar kusan mililita 1.

Kafin komai ma, a tabbatar dodon kunne bai fashe ba. Idan ya fashe, jentamaisin ko ruwan wanki na kulohezidin mai ƙarfi na iya kurumtar da kare. Sipirit da manja ba su da gurbi a nan.

Kada a daina magani don kawai wari ya tafi. A sake gwaji bayan mako 2. Pseudomonas kan ci mako 4 ko fiye. Idan ciwon yana dawowa, a nemi tushensa: kaska, ƙwarin kunne, ƙarangiyar da ta maƙale wa karen farauta, ko abincin da jikinsa ba ya karɓa.