In za ka kasuwar bakin teku, ka yi sammako kuma kar ka karya

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane shi ne kasuwar bakin teku ba agogonka take bi ba, jiragen masunta take bi. Su sun fita tun dare, kafin gari ya waye sun dawo sun sauke kaya, masu gidajen abinci sun zo sun kwashe na kirki, kai kuma kana can kana juyi a gado. Shi ya sa in ka iso ƙarfe goma sha ɗaya abin da za ka tarar shi ne cinkoson 'yan yawon buɗe ido kowa ya ɗaga waya sama, ga rana, ga kifin da aka gama zaɓe aka bari. A kasuwar Toyosu ta birnin Tokyo, inda aka mayar da tsohuwar kasuwar kifi ta Tsukiji a watan Oktoban 2018, wajen biyar da rabi na asuba ake gwanjon manyan kifin tuna. A tsohuwar tashar jiragen Marseille a Faransa kuwa da safe masunta ke baza teburansu a bakin ruwa, kafin rana ta karya sun tattara sun tafi. Ba na ce sai ka tashi da asubar fari ba, amma bakwai zuwa takwas ya kamata a ce kana ciki.

Sannan ka duba ranar tukun a intanet kafin ka fita. Ɓangaren kifi na kasuwar Rialto a Venice ba ya ci Lahadi da Litinin, Toyosu ma tana rufewa ran Lahadi da wasu Larabobin. Ba ƙaramin haushi ba ne ka biya kuɗin mota ka je ka sami tebura a wanke.

Takalmi kuwa ka sa mai rufi wanda ba ya santsi, don ƙasan kullum a jiƙe yake da ruwan ƙanƙara da na wankin kifi, silifas dai a'a. Ka ɗauki riga mai ɗan kauri ko da gari da zafi saboda iskar teku da safe ba ta da kirki. Jaka a gaba, ba a baya ba, inda duk aka cika 'yan sane ba sa rasa zuwa. Ka riƙe 'yan canji ko da kana da kati. Mota kuma in da hali ka bar ta, wajen fakin a irin wuraren nan wahala ne da tsada, wasu kasuwannin ma ta ruwa aka fi jin daɗin zuwansu, kamar ta Granville Island a Vancouver ta Kanada wadda aka buɗe a 1979, ƙananan jiragen fito ne ke sauke mutane kusan a bakin ƙofarta.

Toh ka shiga. Kar ka sayi komai. Wannan ita ce shawarar da na fi so a ji, ka zaga kasuwar kaf hannunka a aljihu, kana kallon farashi kana lura da inda mutanen garin suke tsayawa, tsofaffin nan masu jakar cefane da ba su damu da hoto ba, layin da ka gan su a ciki shi ne layin gaskiya. Rumfunan bakin ƙofa galibi na baƙi ne, kayan a jere gwanin kyau amma kuɗin ya ɗara. Kuma ka leƙa lunguna da benaye. Pike Place ta Seattle a Amurka, wadda ke ci tun 17 ga Agustan 1907, mutane da yawa iyakarsu wajen 'yan kasuwar da ke jefa wa juna kifi a gaban masu saye, su tsaya su yi bidiyo su juya, alhali akwai hawa-hawa na shaguna a ƙasa da suka gangara wajen ruwa. Kasuwar nan saura kaɗan a rushe ta, mutanen garin ne suka kaɗa ƙuri'a a 1971 suka ce a bar musu abarsu.

Yanzu zancen zaɓen kifi, nan ne ake cin mutane. Ka kalli idonsa, ya zama garau kuma a ɗan bulluƙe, in ya yi fari ya lotsa ciki ya kwana biyu. Ka sa mai kayan ya ɗaga maka murfin gefen kan, inda kifin ke numfashi, cikin ya zama ja, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. In aka danna jikinsa da yatsa naman ya dawo, kar rami ya zauna. Sai hanci, sabon kifi ƙamshin ruwan gishiri yake yi, ƙarnin da ke bugun mutum tun daga nesa na tsoho ne. Masu ɓawo irin su kawa kuma dole su kasance a rufe, wanda ya buɗe baki a ƙwanƙwasa shi, in bai rufe ba ya mutu, ka bar shi. Amma fa kar ka kai hannu da kanka sai an ba ka izini, wasu 'yan kasuwar wannan na ɓata musu rai sosai, haka ma ɗaukar su hoto ba tambaya.

Ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a sikeli, kuma ka tambaya ko da gyara da dafawa a ciki. A Jagalchi ta Busan a Koriya ta Kudu za ka sayi kifi da ransa a ƙasa a hau da shi bene a dafa maka, amma na saman kuɗinsu daban. Ni an taɓa yi min a wata kasuwa, na nuna ƙatuwar kaguwa ina murna, kafin in ce nawa har ta shiga tukunya, da aka kawo takardar kuɗi sai da na zauna. Ciniki kuma ba ko'ina ake yi ba, in ka ga an rubuta farashi a allo to yawanci haka yake, sai dai dab da tashi wasu kan rage don kar kaya ya kwana. In akwai abin da ba ka ci ka yi magana tun kafin a zuba, miyar kifi mai kaurin nan ta Amurka sau da yawa da naman alade a ciki, wasu kuma da giya suke dafa kawa.

Ɗanyen kifi shi za ka saya ƙarshe, in za ka tafi. Ka ce a zuba maka ƙanƙara a leda, in tafiyar da nisa ka zo da kula, don bai kamata ya wuce awa biyu ba sanyi ba, in ana zafi ma awa ɗaya.

Abincin da ka saya kuma in za ka fita ka ci a bakin ruwa kana kallon jirage, ka kula da fararen tsuntsayen tekun nan, wallahi sun fi shirwa iya fauce. Ta baya suke zuwa, ba ka ji ba ka gani, sai dai ka ji iskar fiffike a kunnenka ka duba hannu ka ga takarda kawai. Ka sami bango ka jingina ko ka zauna ƙarƙashin rumfa, ka rufe abincin da hannu ɗaya, kuma don Allah kar ka jefa musu ko ɓarɓashi, ɗaya ka ba wa ashirin za su sauko.