Yadda Ake Muhawara Kan Jerin Fitattun Katun Masu Dogon Zango

Duk lokacin da wata mujalla ko wata tashar talabijin ta fitar da jerin katun ɗin da ta ce sun fi kowanne kyau, daga na ɗaya har zuwa na ɗari, sai musu ya kaure tsakanin masu kallo, wannan yana cewa an danne wa gwaninsa haƙƙi, wancan yana cewa an ɗora wanda bai cancanta ba. Yawancin irin wannan musun yakan watse ba tare da kowa ya ƙaru ba, domin kowane ɓangare da mudun da yake awo da shi, kuma babu wanda ya tsaya ya nuna wa ɗan'uwansa girman nasa mudun. Wanda yake son muhawararsa ta yi ma'ana, to ya jinkirta maganar lamba tukuna, ya fara da binciken yadda aka haɗa jerin.

Tambaya ta farko ita ce: su wane ne suka tsara shi, kuma su wa suka tsara wa? A shekarar 2005 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fitar da jerin katun 100 bisa ƙuri'ar masu kallo, a 2009 shafin IGN ya fitar da nasa 100 ɗin, sannan a 2013 mujallar TV Guide ta Amurka ta kawo guda 60. Dukkansu ukun The Simpsons suka ɗora a kan gaba, amma daga matsayi na biyu kowa ya kama gabansa. Masu ƙuri'ar Birtaniya sun zaɓi Tom and Jerry, IGN ya zaɓi Batman: The Animated Series, ita kuwa TV Guide ta zaɓi The Flintstones. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. IGN shafi ne na masu wasannin kwamfuta da masu son labaran jarumai, TV Guide mujalla ce da ta tashi tare da talabijin ɗin Amurka kuma take girmama tarihinsa, jama'ar gari kuma abin da suka taso suna kallo suke jefa wa ƙuri'a. Idan ka gane wannan, ka riga ka san rabin dalilin da ya sa gwaninka ya faɗo ƙasa ko ya hau sama.

Daga nan sai ku daidaita da abokin muhawararka kan abin da ya halatta ya shiga jerin tun farko. Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, gajerun fina-finai ne da aka yi domin nunawa a gidajen silima, haka ma Looney Tunes da ya fara a 1930, kuma sai daga baya ne talabijin ya gaje su. Jerin Channel 4 ma har da cikakkun fina-finai irin su Toy Story a cikinsa. Gajeren fim na minti bakwai da aka yi da kuɗin silima ba zai auna daidai da shirin da ake buƙatar sabon kashinsa kowane mako ba, saboda haka ku yanke hukunci a kan wannan kafin ku ci gaba.

Inda ya fi cancanta a daɗe shi ne batun ma'auni, domin kalmar "mafi kyau" tana ɗauke da aƙalla abubuwa huɗu da ba sa tafiya tare: tasiri a kan waɗanda suka biyo baya, ingancin labari da zane, ɗorewar ingancin daga farko zuwa ƙarshe, da kuma farin jini. The Flintstones, wanda aka nuna daga 1960 zuwa 1966, shi ne ya fara tabbatar da cewa katun zai iya zama a lokacin da manya suke gaban talabijin da daddare, kuma a kan hanyar da ya share The Simpsons ya bi a 1989. A ma'aunin tasiri, da wuya a ture shi. A ma'aunin zane kuwa, duk wanda ya lura zai ga cewa idan Fred, jarumin shirin, ya ruga a guje cikin gidansa, taga ɗaya da kujera ɗaya ne suke ta maimaituwa a bayansa, domin kamfanin Hanna-Barbera da ya yi shirin yana tsimin zane ne saboda ƙarancin kuɗi da lokaci. Shi kansa The Simpsons yana da tasa matsalar, domin ya haura kashi 700, alhali masu sharhi da yawa suna ganin ƙarfinsa yana cikin shekarun 1990 ne. Shin da mafi kyawun shekarunsa za a auna shi, ko da dukkan abin da ya fitar? Idan da dukka ne, to Avatar: The Last Airbender, wanda ya ba da labarinsa cikin kashi 61 tsakanin 2005 da 2008 ya kuma rufe shi a inda ya dace, yana da hujja mai ƙarfi a kansa. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace raba masu muhawara, kuma ita ce aka fi mantawa a yi. Wanda kuma ya ce daɗewa ita ce hujja, sai a tuna masa da Sazae-san na Japan, wanda ake nunawa tun 1969, amma ba kasafai ake ganin sunansa a jerin Turawa ba.

Jerin da aka gina a kan makin masu kallo, irin na shafukan intanet na IMDb da MyAnimeList (wanda ya keɓanta da katun ɗin Japan), yana da kamar ya fi adalci tunda ba mutum goma ne suka zauna a ofis suka yanke ba, amma shi ma a yi hattara da shi. Wanda bai ji daɗin zangon farko na shiri ba, ba ya zuwa na biyu balle ya ba shi maki, don haka zango na gaba yakan samu maki mai yawa daga masoya zalla. Sabon shiri yakan yi tashin gwauron zabi a makonninsa na farko, sannan ya sauko a hankali. Akwai kuma masoyan da suke haɗa baki su zuba wa abokin hamayyar gwaninsu mafi ƙarancin maki da gangan. Fullmetal Alchemist: Brotherhood ya shafe shekaru a saman MyAnimeList kafin Frieren, wanda ya fara a 2023, ya sha gabansa, kuma tazarar da ke tsakanin waɗanda suke saman irin wannan jerin sau da yawa ba ta kai rabin maki ba. Jayayya a kan na huɗu da na bakwai ɓata lokaci ce.

Ka duba kuma abin da babu shi a jerin, domin jerin da aka yi a Amurka ko Birtaniya abin da ya isa akwatunan talabijin ɗinsu yake ƙirgawa. Nu, pogodi! na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara a 1969, miliyoyin mutane ne suka tashi da shi, kuma Captain Tsubasa na Japan, wanda ƙasashen Larabawa da masu kama tashoshinsu ta tauraron ɗan'adam suka sani da Captain Majid, ya sa yara da yawa son ƙwallo. Rashinsu a wani jeri ba ya rage musu daraja. Sai dai wannan hujjar tana da tarko, wato a ɗauki daɗin ƙuruciya a matsayin inganci. Maganinsa shi ne a sake kallon shirin da idon girma. Waɗanda suka kalli Voltron a talabijin ɗin Najeriya suna yara, idan suka koma masa yau za su ga cewa hoton haɗuwar zakunan ƙarfe biyar da suke zama Voltron guda ɗaya ne ake ta maimaitawa, kuma kusan kowane faɗa da saran takobi yake ƙarewa. Ana iya ci gaba da ƙaunarsa, amma a kira ƙaunar da sunanta.

Idan an zo muhawarar kanta, kada a ɗauki jerin gaba ɗayansa. A ware shiri biyu kawai, a amince da ma'auni ɗaya, kowa ya zaɓi kashi biyu ko uku daga gwaninsa, ɗayan kuma ya kalla da gaske kafin ya yi magana. Sannan kowace hujja ta zama abin da za a iya nunawa da yatsa. Maimakon ka ce zanen Batman ya fi kyau, ka bayyana cewa masu zanensa a kan baƙar takarda suka riƙa zana birnin Gotham maimakon fara, shi ya sa duhun birnin yake da nauyin da sauran katun na 1992, shekarar da ya fara fitowa, ba su da shi. Maimakon ka ce Tom and Jerry ya fi ban dariya, ka kawo The Cat Concerto, inda aka daidaita motsin yatsun Tom da kowane bugu na kiɗan fiyano, wanda yana cikin fina-finan Tom and Jerry guda bakwai da suka ci kyautar Oscar. Abokin muhawararka yana iya ƙin yarda da hukuncinka, amma dole ya amsa hujjar da tasa hujjar.

Akwai gargaɗi ɗaya ga iyaye da suke duba irin waɗannan jerin domin zaɓa wa yaransu abin kallo. A wurinmu da an ce katun sai a ɗauka na yara ne, alhali South Park da Family Guy, waɗanda suke yawan fitowa a goman farko, an yi su ne domin manya, kuma cike suke da batsa da zagi da izgili ga addinai. Matsayin shiri a jeri ba ya faɗin shekarun da suka dace a kalle shi, saboda haka a duba alamar shekarun da aka sa masa, kuma uba ko uwa su fara kallon kashi ɗaya su kaɗai kafin a kunna wa yara.