Yadda Ake Shiga Aikin Kula da Taskar Tarihi a Jami'a

Mai son zama jami'in kula da taskar tarihi a jami'a ya kamata ya fara da sanin cewa aikinsa daban yake da na ma'aikacin laburare, ko da rufi ɗaya ya haɗa su. Littafin da ya ɓace a laburare ana iya sayo wani, amma wasiƙar da shugaban jami'a ya sa wa hannu shekara 60 da suka wuce, ko rubutun hannun malamin da iyalinsa suka kawo ajiya, guda ɗaya ne tak, kuma idan ya salwanta ba shi da madadi.

Hanyar karatun da aka fi bi ita ce digiri a fannin tarihi ko ilimin laburare, sannan a ɗora da digiri na biyu da ya shafi adana takardu, irin wanda Jami'ar Ibadan take koyarwa. A Arewa akwai sharaɗin da takardar shaida ba ta cika nunawa ba, wato iya karanta Larabci da ajami da rubutun hannun malaman zamanin da. Wanda ya samu dama ya nemi zaman koyon aiki a Arewa House da ke Kaduna, cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello da ke gidan Sardauna, wadda aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, ko a reshen Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke garin, domin wannan sana'a a gaban ƙwararru ake goge ta.

Ranar da aka kawo maka kwalaye daga ofishin magatakarda ko daga gidan wani malami da ya rasu, abu na farko shi ne rajista: kwanan wata, inda suka fito, yawansu, da sharuɗɗan da masu su suka gindaya, musamman ko kyauta ce ko ajiya. Rashin rubuta wannan na ƙarshe shi ne yake haddasa rigima da magada bayan shekaru. Daga nan ka keɓe kayan a wani ɗaki na daban har ka tabbatar ba su zo da gara ko kyankyasai ko fumfuna ba.

Sai kuma wurin da sababbin ma'aikata suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kada ka haɗa takardun sashe guda da na wani don batunsu ya zo ɗaya, kuma kada ka canza jerin da mai su ya bar su a kai. Fayil ɗin da ya fito daga ofishin ma'aji ya zauna cikin takardun ma'aji ko da maganar gini yake yi, saboda inda takarda ta fito da abin da ke gabanta da bayanta su ne suke ba ta ma'ana a wurin mai bincike. Wannan ƙa'ida ta fi tsanani a kan littattafan malamai, waɗanda galibi warwara suke cikin gafaka, ba ɗinki ba lamba. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Ka bi ta a hankali, ka sa lamba da fensir mai laushi a gefe, ba da biro ba. A cire ƙusoshin takarda da alluran da suka yi tsatsa da robar ɗauri, kuma a guji salatif da rufe takarda cikin leda da zafi, domin duka biyun ba sa ciruwa sai da ɓarna.

Ɗakin ajiya yana son sanyi kimanin digiri 18 da laimar iska tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, abin da ke da wuya a ƙasar da hunturu ke busar da takarda har ta karye, damina kuma ta jiƙa ta. A ganina, inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ɗaki mai kaurin bango da iska ke ratsawa ya fi na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa ana kashewa, tunda hawa da saukar yanayi ya fi cutar da takarda. Kantoci su zama na ƙarfe, nesa da bango, a ɗage su daga ƙasa.

Ba kowace takarda ake ajiyewa ba. Bayanan zaman majalisar jami'a, sunayen waɗanda aka yaye, takardun filaye da kundayen bincike na dindindin ne. Rasitan sayen kayan ofis kuwa suna da wa'adi. Fayilolin ɗalibai da ma'aikata amana ne, ba a buɗe su ga kowa sai da izini a rubuce. Idan an ɗauki hoton takardu an sa a kwamfuta, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wajen ginin, kuma a ci gaba da riƙe takardar asali a kwalinta.