Yadda zaka ci abinci a wuraren wasanni irin su Disney in cikinka ba komai yake karɓa ba

Manyan wuraren wasannin nan irin su Disney da Universal da Legoland, in ka shiga da safe sai dare, kuma kusan duk abinda ake sayarwa a ciki burodi ne da cuku da askirim da soye-soye, wato daidai abubuwan da suka fi tayar wa mutane da ciki. Ni a ganina lokacin da aka fi yin kuskure shine wajen ƙarfe biyu na rana, an sha tafiya an sha zafi, yara na kuka, layin abinci ya yi tsawo, sai mutum yace kai bari dai in ci wannan ɗin Allah ya tsare. Toh duk abinda zan faɗa a nan don kar a kai ga wannan gaɓar ne. Shawarar abinda zaka ci ka gama yanke ta tun kana ƙoshe, don mai jin yunwa baya tsayawa tambaya.

Da farko ka san wace irin lalura gareka, ko yaronka, saboda mutane na haɗa su duka su ce "baya cin kaza" alhali ba ɗaya bane. Akwai wanda madara ce kawai cikinsa baya iya narkarwa, jikinsa baya samar da isasshen sinadarin da ke narkar da sukarin madara da ake kira laktos, in ya sha sai kumburin ciki da iska da murɗawa da zawo, yawanci tsakanin minti 30 zuwa awa 2. Wannan wahala ce amma bata kisa, kuma ba baƙon abu bane, kusan kashi 2 cikin 3 na manyan mutanen duniya suna da ita ko da kaɗan ne. Da yawansu ma suna iya ɗaukar kamar giram 12 na laktos a zama ɗaya, wato wajen kofi ɗaya na madara, musamman in an haɗa da wani abincin. Akwai kuma mai cutar siliyak, wajen mutum 1 cikin 100, shi wani sinadari da ake kira gulutin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai ne ke sa garkuwar jikinsa ta far wa hanjinsa, ɗan ɓurɓushin burodi ma ya isa, ko da bai ji komai a ranar ba ɓarnar tana faruwa a ciki. Sai na uku mai borin jini na gaske, wanda gyaɗa ko ƙwai ko jatan lande ko madarar kanta ke iya kumbura masa maƙogwaro ya kasa numfashi cikin mintuna. Na farko zai iya yin sassauci ya ɗanɗana, na biyu da na uku babu wannan maganar. In baka tabbatar wanne ne naka ba, ganin likita kafin tafiya ya fi sayen sabuwar jaka muhimmanci wallahi.

Aikin gaske a gida yake farawa. Kusan duk manyan wuraren nan suna da manhaja a waya da shafin intanet inda suka zuba jerin abincin kowane gidan abinci da ke ciki. Ka zauna wata rana da daddare ka buɗe taswirar wurin, a kowane ɓangare ka zaɓi wuri ɗaya da kasan akwai abinda zaka iya ci, ka rubuta sunan wurin da sunan abincin. Dalili kuwa wuraren nan faɗi garesu, in gidan abinci ɗaya tal ka sani kuma yunwa ta kama ka a can ɗaya ƙarshen, ba lallai ka iya janyo iyali gaba ɗaya a koma ba. A Disney World da ke Orlando a Amurka ana buɗe kama tebur a gidajen abinci na zama kwana 60 kafin ranar, in kuma wajen kamawar kaga inda zaka saka abinda baka ci, ka saka. Amma kar ka ɗauka shikenan an gama, in kun isa ka sake faɗa da bakinka.

Yana da kyau kuma ka san dokar ƙasar da zaka, don ita ce ke nuna maka iya abinda zaka dogara da shi. A ƙasashen Tarayyar Turai, wato in Disneyland na Faris zaka ko Europa-Park a Jamus ko Legoland na Billund a Denmak, tun Disambar 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bada bayani kan abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da lalura, har da abincin da ba a ƙunshe yake ba, ciki akwai madara da duk hatsin da ke da gulutin. Kaga kenan in ka tambaya ba alfarma kake roƙo ba. A Amurka abubuwa 9 ne: madara, ƙwai, kifi, su jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu da almon, gyaɗa, alkama, waken soya, sai riɗi da aka ƙara a farkon 2023. Sai dai wannan dokar ta abincin da aka ƙunshe a leda ko kwali ce, bata hau kan farantin da aka zubo maka a gidan abinci ba. Kuma ka lura alkama aka ce, sha'ir da hatsin rai basa cikin taran, don haka mai siliyak in yaga an rubuta babu alkama bai tsira ba tukuna, sai yaga an rubuta babu gulutin, wanda a Amurka da Turai duka ma'anarsa bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba.

Sannan duk waɗannan jerin basu san da zaman wanda albasa ko tafarnuwa ke tayar wa da ciki ba, ko wanda zaƙin lemon kwalba ke sa shi zawo. In kai ne wannan, takardar da zasu miƙo maka ba zata amfane ka ba, sai dai baki da baki.

Wanda ya kawo mu kan babbar maganar, wa zaka tambaya. Wanda ke tsaye a kan kanta yana karɓar kuɗi sau da yawa ma'aikacin wucin gadi ne, ga mutum talatin a bayanka, in kace akwai madara a ciki zai iya cewa babu don shi a iya saninsa ba a zuba madara yana gani ba, bai san an kwaɓa burodin da garin madara tun daga kamfani ba. Ba mugunta bace, bai sani bane. Kace don Allah a kira maka kuku ko manajan wurin. A gidajen abincin Disney na zama wannan abu ne da suka saba, kukun zai fito har teburinka ku yi magana, a wuraren abincin gaggawa kuma akwai wanda aka horar don haka, yana da littafi ko kwamfutar hannu mai ɗauke da kayan haɗin kowane abinci. Kar ka ji kunya, kar kuma kace "bana son madara", kace tana sa ni rashin lafiya, sannan ka faɗi iya tsananin. In laktos ne kawai ka faɗi gaskiya kace ɗan bota ba zai dame ka ba, sai zaɓinka ya ƙaru, su ma basu sha wahalar banza ba. In siliyak ne ko borin jini kace ko taɓawa ba a so.

Tambayoyin da ke fito da gaskiya ƙanana ne. Dankalin nan a man da aka soya shi ana soya kaza mai fulawa a ciki? In eh ne, mai siliyak ya haƙura, zafin mai baya kashe gulutin. Naman nan a ƙarfe ɗaya ake gasa shi da burodi? Miyar nan da me aka kaurara ta, fulawa ko kirim? An jiƙa naman da sos ɗin waken soya, wanda galibinsa akwai alkama a ciki? Ludayin askirim ɗin guda ɗaya ne ke yawo a duk robobin? In ƙasar ba yarenka ake ji ba, ka buga ɗan kati da yarensu mai ɗauke da abinda baka ci da abinda yake maka, ka yi kwafi da yawa, don katin na iya shiga kicin ya isa hannun mai girkin, maganar baki kuwa kafin ta bi ta mutum biyu ta canza. Su Disney da kansu suna faɗa ƙarara cewa basu da kicin na daban kuma basa bada tabbacin babu gauraya, ni wannan gaskiyar tasu ta fi kwantar min da hankali akan wanda zai ce maka kar ka damu komai lafiya ba tare da ya duba ba. In aka kawo abincin kafin ka kai loma ka sake tambaya, wannan ne nawa na musamman? Minti ɗaya ne.

Wurin cin abinci na ɗebi da kanka, inda aka jera kwanuka kowa na zuwa yana zuba, shi ne na fi tsoro. Cokalin taliya ya faɗa cikin shinkafa, yaro ya ɗauki na nan ya mayar can. In dole sai nan, ka roƙi kuku ya zubo maka daga ciki kai tsaye. Amalanken kan hanya masu sayar da kayan ƙwalama su ma sau da yawa basu da takardar kayan haɗi a hannu, in ba abu ne a ƙunshe da rubutu a jiki ba ko ɗanyen 'ya'yan itace, a wuce kawai.

Wasu tarkunan kuma ta inda ba a zata ba suke zuwa. Madarar da aka cire wa laktos har yanzu madara ce, mai borin jinin madara kar ya kusance ta. Tsohon cuku mai tauri irin su famesan da ceda laktos ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, askirim mai laushin nan na inji da madarar da ake kaɗawa da kankara su ne masu kayar da mutum. Alawa da cingam da aka rubuta babu sukari kuwa yawanci da wani sinadarin zaƙi da ake kira sobitol ake zaƙaƙa su, shi kansa yana sa zawo in an ci da yawa, sai mutum ya ɗora wa abincin rana laifi.

Yanzu jaka. Ka shiga da abincinka, wannan shine abinda zai cece ka a ƙarfe biyun nan. Disney World sun yarda a shigo da abinci da abin sha daga waje matuƙar ba a kwalbar gilashi ba, ba mai buƙatar ɗumamawa ko firji ba, kuma basa yarda da kankara a warwatse sai dai irin fakitin sanyin nan da ake daskararwa. Universal na Orlando sun fi tsauri amma sun yarda da abincin da mutum ke buƙata saboda lalura. Sauran wurare ka duba dokarsu kafin ranar, ka riƙe takardar likita a waya ko a jaka don masu binciken ƙofa. Ka ɗauki abinda zai riƙe ciki na gaske, ba biskit biyu ba, irin wanda ko an rasa komai a ciki zai kai yaro yamma. In daga wata ƙasar zaka shigo da shi ka sani Amurka na hana shiga da nama da ɗanyun 'ya'yan itace, kuma duk abincin da ke jakarka sai ka bayyana shi a kwastan, ya fi sauƙi ranar da kuka sauka ku biya babban kanti ku yi sayayya, in ɗakin otal ɗin na da ɗan firji ma an gama. Ku karya kumallo a ɗaki da abinda kuka sani, kun rage caca ɗaya kenan a kowace rana.

Mai matsalar laktos ya saka ƙwayar laktas, wato sinadarin nan da ke narkar da laktos, a aljihu, ana shan ta ne tare da lomar farko, in an bari sai ciki ya fara kuka ta makara, kuma bata yi wa mai siliyak ko borin jini komai. Mai borin jini kuwa allurar adirenalin, wato allurar gaggawa ta borin jini mai tsanani, guda 2 a jikinsa take zama, ba a mota ba, ba a akwatin ajiya na bakin ƙofa ba. Zafi na lalata ta, tsakanin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Celsius ake so ta zauna kuma ba a saka ta a firji, ga Orlando da bazara na haura digiri 32, don haka a samo mata 'yar jaka mai tare zafi. Wasu lilon masu gudu ana tilasta ajiye jaka kafin a hau, a nan sai wani babba ya tsaya a ƙasa da ita, ko a yi wa ma'aikacin bayani.

Lokacin cin abinci ma dabara ne. Ku ci na rana da wuri kamar 11 na safe, ko ku jinkirta zuwa bayan 2 kuna taɓa na jaka, lokacin kicin ya lafa kuku na da sukunin sauraronka, kuma abincin musamman dama yakan ɗauki lokaci fiye da na kowa. Sabon abinda baka taɓa gwadawa ba kar ka ci shi sannan ka shiga layin awa ɗaya wanda babu banɗaki a ciki, ka bar gwaji sai dare in an kusa komawa masauki. A yawaita shan ruwa, zafi da ƙishirwa kaɗai na iya murɗa ciki.

Yaro kuma a koya masa tun a gida cewa ko wa ya miƙo masa abu sai ya nuna wa mama ko baba, kuma a riƙe masa wani abin daɗi nasa, don yana kallon 'yan uwansa na shan askirim shi babu, abin da ciwo, kuma a nan ne yake sata ya lasa.

In duk da haka abin ya faru, kowane babban wurin wasa na da ɗakin taimakon gaggawa, ka nemo shi a taswira tun shigarku. In ciki ne ya ɓaci, a huta a inuwa, a sha ruwan gishiri da sukari, kar a ba ƙaramin yaro maganin tsayar da zawo sai da izinin likita, a haƙura da sauran wasan ranar. In kuwa leɓe ko harshe ya fara kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi na fita da ƙyar, ko mutum na neman suma, a caka allurar a gefen cinya ta waje nan take ko ta kan wando ne, kar a tsaya jiran maganin ƙaiƙayi ya yi aiki, a sa ma'aikaci mafi kusa ya kira agaji, lambar 911 ce a Amurka, 112 a Turai. In bayan minti 5 babu sauƙi a yi ta biyun, kuma ko ya warware sai an je asibiti, don abin na iya dawowa bayan wasu awanni.