Yadda ake sallamar tsohuwar sabar DC ba tare da imel ɗin kamfani ya tsaya ba

Idan kai ne mai kula da kwamfutoci a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, kuma sabar DC ɗinku (Domain Controller, wato sabar da ke tantance sunaye da kalmomin sirrin ma'aikata) har yau tana kan Windows Server 2012 R2, to lokacin sallamarta ya yi, domin Microsoft ta daina tallafa wa wannan manhaja tun ranar 10 ga Oktoba, 2023. Sai dai a yi hattara da Exchange, manhajar Microsoft da ke tafiyar da imel ɗin kamfani. Ba shi da kundin sunaye nasa na kansa. Duk wasiƙar da ta shigo, sai ya tambayi Active Directory, kundin sunayen masu amfani da netwok, wane ne mai adireshin, ita kuwa DC ce ke amsa masa. Ka janye ta bai shirya ba, Outlook zai dinga neman kalmar sirri, wasiƙu su maƙale a layi.

Da farko ka duba abin da ke kan tsohuwar. In a kanta aka girka Exchange ɗin, dakata nan: Microsoft ba ta amince a sauke DC, wato a raba sabar da muƙaminta na DC, alhali Exchange na kanta ba, sai an kwashe akwatunan imel zuwa wata sabar an cire Exchange daga kanta. In ba haka ba ne, ka ajiye kwafin System State (bayanan tsarin sabar, har da na Active Directory), sannan ka tayar da sabuwar DC mai ɗauke da DNS (mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta) da Global Catalog (jerin duk sunayen da ke cikin Active Directory), domin Exchange ba ya aiki sai da Global Catalog a wurin da yake. Idan SYSVOL, folda da DC ke kwafa a tsakaninsu, na tafiya da tsohuwar hanyar kwafi ta FRS, sai ka mayar da shi sabuwar hanya ta DFSR da umarnin dfsrmig, in ba haka ba Windows Server 2019 ba za ta yarda ta zama DC ba. Gwada repadmin /replsummary da dcdiag, kada ka matsa gaba sai ba kuskure ko ɗaya.

Muƙaman FSMO, wato ayyuka na musamman da DC ɗaya tak ke riƙe kowannensu, guda 5 ne. Umarnin netdom query fsmo zai nuna maka mai riƙe da su, sai ka miƙa su ga sabuwar. Ka saita agogon wadda ta karɓi muƙamin PDC Emulator, domin da ita sauran kwamfutoci ke daidaita agogo, kuma Kerberos, tsarin tantance masu shiga, ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5.

A ganina, DNS ne wurin da ya fi cancantar ka ɓata lokaci. Shiga sabar Exchange ka buɗe saitin katin netwok: sau da yawa adireshin tsohuwar DC ne aka rubuta da hannu shekaru da suka wuce, wanda ya rubuta ma ya bar aiki. Canza shi zuwa na sabuwar. Gyara zaɓi na 006, wato adireshin DNS, a DHCP mai raba wa kwamfutoci adireshi. Sannan ka tashi daga kujera ka zagaya ofis. Firintar nan ta ofishin akanta, wadda ke tura sikanin ta imel, taɓa allonta ka duba. Mai yiwuwa tsohon adireshin na nan a ciki.

Koma kan Exchange ka buga Get-ExchangeServer -Status, ka duba ko an ɗaure shi ga tsohuwar a StaticDomainControllers ko StaticGlobalCatalogs. In an ɗaure, kwance. A Event Viewer kuma, saƙo mai lamba 2080 zai lissafa DC ɗin da Exchange ke gani. Tabbatar sabuwar na ciki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin saukewa ka kashe tsohuwar kawai, ka bar ta mako guda. Bayan sallar Juma'a lokaci ne mai kyau, ofis ya yi sauƙi. Ka tabbata sabuwar na kan inbata, don kada a ɗauke wuta kamfani ya rasa DC gaba ɗaya kafin janareta ya tashi. Duk abin da ya tsaya a makon, kunna tsohuwar, gyara, sake kashewa.

In komai lafiya, kunna ta, bari ta daidaita bayanai da sabuwar, sai ka sauke ta da Uninstall-ADDSDomainController ko ta Server Manager. Kada ka zaɓi cirewar dole, kada kuma ka ce ita ce DC ta ƙarshe. Bayan ta sake tashi, goge sunanta daga Active Directory Sites and Services, share ragowar bayananta a DNS, sannan ka aika wasiƙar gwaji zuwa waje, ka sa a amso maka.