Yadda Za Ka Gane Irin Ƙasar Gonarka da Kwalba da Ruwa

Ƙasar noma mai kyau kusan rabinta ruwa ne da iska. Ma'adinai kan ɗauki kashi 45 cikin 100, ruɓaɓɓun ganyaye da kashin dabbobi kashi 5. Su ma'adinan iri uku ne: yashi, wanda ƙwayarsa kan kai milimita 2, turɓaya mai laushin gari, sai yumɓu, da ƙwayarsa ba ta kai milimita 0.002 ba. Yawan kowanne shi ke nuna ko gona za ta riƙe ruwa da taki ko za ta zubar.

Haƙa zurfin santimita 15 zuwa 20 a wurare biyar ko fiye, ka haɗa, domin ƙasar gefe ɗaya ba ta wakiltar gona. Shanya ta, murƙushe curin, tankaɗe tsakuwa da saiwoyi. Zuba a kwalba mai miƙaƙƙen jiki har kashi ɗaya cikin uku, ƙara ruwa ya kusa cika, sa ƙaramin cokali ɗaya na garin sabulun wanki. Kada a raina sabulun nan. In babu shi, yumɓu kan dunƙule ya nutse tare da yashi, sai ka ɗauka jigawa gare ka alhali laka ce.

Girgiza sosai na minti uku, ka ajiye inda ba mai taɓawa. Bayan minti ɗaya yashi ya kwanta, yi alama. Bayan awa biyu turɓaya ta hau kansa, sake alama. Yumɓu ba ya gaggawa, yakan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Abin da ke yawo a sama ruɓaɓɓen ganye ne.

Sai awo da rula. In duka santimita 10 ne, yashi 4, turɓaya 4, yumɓu 2, ka dace da ƙasar da yawancin amfanin gona ke so. In yashi ya haura 7, ruwa zai riƙa wanke takin zamani, don haka a raba shi sau biyu ko uku. In yumɓu ya wuce 4, kada a yi huɗa ƙasa na jiƙe sharkaf, za ta daskare ta hana saiwa iska.

Wasu kan kwaso yashi su zuba a laka wai ta saki. Yashi kaɗan ƙara mata tauri yake yi. Ruɓaɓɓen taki duk shekara shi ke sassauta laka, shi ne kuma ke sa jigawa riƙe danshi.