Darasi na 9: Tada tsohon injin yankan ciyawa na hawa

A Damagaram ba kowa ne ya taɓa ganin injin yankan ciyawa na hawa ba. Ciyawarmu tumaki da awaki ke yanke ta, abin da ya saura lauje ya kwashe. Amma in ka leƙa bayan wata ma'aikata, ko gidan baƙi, ko gefen filin ƙwallo, kana iya tarar da shi a yashe, kamar ƴar ƙaramar tarakta, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe kujera. Duk wanda ya wuce sai ya ce ya mutu. Sau da yawa bai mutu ba, dogon zama ne ya kwantar da shi.

Ko da ba za ku taɓa hawa irinsa ba, ku saurara da kyau. Injin da ke cikinsa ɗan'uwan injin ban ruwa ne na lambunan Mirriya, ɗan'uwan janareton mai shago ne kuma. Sunan da ke jikinsa yana iya zama Briggs & Stratton, ko Kohler, ko Honda, amma abincinsu ɗaya: esansi, iska da wuta.

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta su: buji, batir, tanki, kafireta, baƙin mai.

Kada a fara da makulli

Wani yaron makaniki ya ga irin wannan inji, ya ɗare kujera, ya kama makulli zai murɗa. Maigidansa ya riƙe masa hannu.

"Baba, ai gwadawa kawai zan yi."

"Ɗana, mutumin da ya shekara a kwance, ba a tashinsa a ce ya yi tsere. Sauko."

Gaskiyar dattijon ke nan. Injin da ya daɗe a ajiye, baƙin mansa ya koma ƙasa, ƙarfe ya bushe. In aka tilasta masa juyi a haka, ana iya yi masa ɓarnar da ta fi ta zaman.

Da farko a zare makulli, a cire wayar da ke kan buji. Buji shi ne abin da ƴan Kano ke ce wa fulogi, shi ke ba da tartsatsin wutar da ke kunna esansi a cikin inji. Muddin wayar nan tana cire, inji ba zai tashi da kansa ba alhali hannunka yana ciki. Sai a share jikinsa, a buɗe murfin sama a duba tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke kewaye da kan inji. Wannan inji ba ya shan ruwa kamar mota, iska ce ke sanyaya shi ta tsakanin haƙarƙarin nan. A nan ɓeraye ke yin gida, a nan zanzaro ke gininsa na laka. In ba a fitar da su ba, a zafin watan Afrilu inji zai ƙone.

Yanzu a kwance buji. A zuba baƙin mai cokali ɗaya ta ramin, a bar shi ya kwana. Da safe a dafa fankar da ke saman inji da tafin hannu, a juya. In ta juya, alhamdu lillahi, akwai rai. In ta cije, a ƙara mai kaɗan, a ƙara haƙuri kwana biyu. Ba a sa guduma.

Baƙin mai

A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. A duba inda mai ya tsaya, a kuma sansana. In yana warin esansi, to esansi ya zubo ciki daga kafireta, wato inda ake gauraya esansi da iska. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Ko yaya yake, tsohon mai zubarwa ake yi. Irin waɗannan injuna suna cin lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Don zafin ƙasarmu, a nemi wanda aka rubuta SAE 30 a jikin galan. Ku rubuta wannan a takarda ku tafi da ita kasuwa, kada mai shago ya zaɓar muku. Kada a cika ya wuce alamar sama. Tsohon man kuma a tara a jarka a kai gareji, kada a zuba kusa da rijiya ko lambu.

Tsohon esansi

Nan ne cutar take, kuma nan za mu daɗe.

Esansi ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a manta. Daga wata ɗaya ya fara sauyawa, kuma zafi yana gaggauta shi. Mai sauƙin cikinsa ya tashi, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Ko wanda ya fito jiya daga matatar SORAZ, wadda ke aiki tun 2011 a kan hanyar Tanut, in ya shekara a tanki haka zai koma. Za ka gane shi da wari mai tsami da launin shayi.

A tsiyaye tanki sarai, a waje, nesa da murhu da mai shan taba. A matsa tiyon mai da yatsa. In ya ƙandare ko ya tsage, a sake sabo. Akwai ƴar matata a tsakiyar tiyon, ita ma a sake ta, a kula da kibiyar da ke jikinta: bakin kibiya yana duban kafireta.

Kafireta ita ce ke gauraya esansi da iska. A ƙarƙashinta akwai ɗan kofi. A shimfiɗa farin ƙyalle kafin a kwance shi, domin kayan ciki ƙanana ne, in ɗaya ya faɗa cikin rairayi sai dai wani ba shi ba. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto kafin ya taɓa kome, zai gode wa kansa lokacin mayarwa. A wanke kofin da sabon esansi. A cikin kafireta akwai wani ɗan ƙarfe ruwan tagulla mai ƙaramar huda, ta nan mai ke bi. A zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki, a zura a hankali har haske ya bayyana. Na sha ganin masu sa allura ko ƙusa don sauri. Huda ta faɗaɗa, inji ya koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya, yana fitar da baƙin hayaƙi.

Wanda zai sayi man kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, ya ɗaga kwalbar ya duba gindinta. Ruwa ya fi esansi nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Ya kuma tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari.

Iska da wuta

Matatar iska iri biyu ce. Ta soso ana wanke ta da sabulu, ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda ba ta son ruwa ko mai, kakkaɓe ta ake yi, in ta yi baƙi a sake. Kada a tada inji babu ita ko na minti ɗaya. Ƙurar hunturu in ta shiga ciki, aikin magagari take yi.

Buji ba shi da tsada, gara sabo. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan injuna milimita 0,76 ce. Batir na bolt 12 ne, cikakke yana nuna 12,6 a ma'auni. Wanda ya shekara babu caji da wuya ya dawo. Wajen ɗaurawa a fara da jar waya, wajen cirewa a fara da baƙa.

Yanzu ɗaura buji, mayar da wayarsa, ka hau. Zauna daram, taka birki, tabbata sandar da ke kunna wuƙaƙen yanka tana kashe, ja cok, wato abin da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi, sannan murɗa makulli. In ya yi shiru, kada ka zargi batir tukuna: akwai maɓallin tsaro a ƙarƙashin kujera da wani a birki. Kada ka yarda a yanke su a haɗe waya, don kare ƙafarka aka sa su. Kada ka riƙe makulli fiye da ƙidaya biyar a murɗa ɗaya. Farin hayaƙi na ɗan lokaci ba kome, man cokalin nan ne ke ƙonewa.

Wuƙaƙe da tayoyi

A wasa wuƙa da magagari, sannan a rataya ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya, a ƙara rage shi. Bel da ya tsattsage a sake. Tayoyi ba sa son iska da yawa, adadin yana rubuce a gefensu, kuma ƙayar aduwa ba ta raga musu. Kafin yanka a tsince duwatsu, a kori yara daga fili. Ba a goyon yaro a kan wannan inji.

Ajiya bayan damina

A wurinmu, in ba inda ake ban ruwa ba, inji yana aiki daga Yuli zuwa Oktoba, sauran shekara barci yake. Ranar aikin ƙarshe a tsiyaye tanki, a bar inji yana aiki har ya mutu da kansa, don kada mai ya kwana a kafireta. A sake baƙin mai. A cire batir a ajiye a inuwa, a riƙa yi masa caji wata-wata. A ɗora injin a kan bulo, a toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, a rufe da tamfol.

Aikin gida

Masu ƙera injin suna cewa a sake baƙin mai bayan awa 50 na aiki, a rage tazarar inda ƙura ta yi yawa. Mu nan mu riƙe awa 25. Kowa ya ja layi uku a littafinsa: kwanan wata, awannin aiki, abin da aka gyara.

Ga lissafi. Mai gadi yana yanka awa 2 a rana, sau 3 a mako. Awa nawa ke nan a mako? Bayan mako nawa zai kusa cika awa 25?

Ku zo da amsa ranar darasi mai zuwa. Wanda ke da tsohon buji a gida ya taho da shi, za mu koyi karanta launin bakinsa.